Noma cikin teku: zaɓen wuri da neman izini

 Darasinmu na yau zai kai mu nesa da gida, zuwa gabashin Afirka. Can ana yin wani irin noma wanda ba ya bukatar garma, ko hauya, ko taki, ko ruwan sama. Gonar tana cikin teku. Abin da ake shukawa kuwa ana kiransa ciyawar teku.

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Waɗanda suka taɓa zuwa Kwatano ko Lome ko Abijan su ne suka gan shi da idonsu. Amma tambayoyi biyu da ke gaban manomin teku su ne ke gaban duk mai son kafa sabuwar gona: ina ne wurin da ya dace, kuma wa zai ba da izini? Mu karanta a hankali, mu ga yadda mutanen can suke amsa su.

Mece ce ciyawar teku?

Mun san gansakuka da ke fitowa a bakin rijiya da cikin tabki. Ciyawar teku danginta ce, sai dai ita babba ce, mai rassa masu kauri da santsi. Launinta kore ne, ko ja, ko ruwan ƙasa. Ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta yin ƙwaya. Da dukkan jikinta take shan abincinta daga ruwan da ke wucewa, tare da hasken rana. In an karya reshe guda aka ɗaure shi cikin ruwa, sai ya ci gaba da girma. Wannan reshen shi ne iri.

Bayan an shanya ta, masana'antu suna fitar da wani gari daga cikinta, ana ce da shi karajinan. Aikinsa shi ne kaurara abu, kamar yadda kuka ke kaurara miya. Ana sa shi cikin man goge haƙori, da madarar kwali, da alewa, da wasu magunguna. Ke nan mai yiwuwa ne wani cikinmu ya taɓa amfani da shi bai sani ba.

A duniya, ƙasashen Sin da Indonesiya su ne kan gaba wajen noman ciyawar teku. A Afirka kuwa Tanzaniya ce, musamman yankinta da ake kira Zanzibar.

Zanzibar da nomanta

Zanzibar tsibirai ne cikin tekun Indiya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Tun da daɗewa an san su da noman kanumfari. A shekara ta 1964 suka haɗe da Tanganyika, aka sami ƙasar Tanzaniya, amma Zanzibar tana da gwamnatinta mai kula da al'amuranta na cikin gida. Mutanen can Suwahili suke ji, kuma da harshensu ciyawar teku sunanta mwani.

Wani malamin jami'ar Dar es Salam, Farfesa Keto Mshigeni, ya yi shekaru yana bincike a kan wannan ciyawa, yana kira ga mutanen bakin teku su noma ta. A shekara ta 1989 aka soma noman sayarwa a ƙauyukan Paje da Jambiani, a gabashin tsibirin Unguja, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin. Daga nan ya bazu har Pemba. Mutum fiye da dubu 20 suka shiga wannan sana'a, kuma kimanin takwas cikin goma mata ne. Da kuɗin ciyawa mata da yawa suka biya wa ƴaƴansu kuɗin makaranta, suka sayi tufafi, suka gyara gidaje.

Iri biyu ake nomawa. Ɗaya sunansa kotoni, ɗaya sipinosum. Kotoni ya fi tsada a kasuwa, amma ba ya jure wahala. Sipinosum ya fi araha, amma ya fi ƙarfin rai. Mu riƙe waɗannan sunaye, za mu sake haɗuwa da su.

Yadda gonar take

Ruwan teku ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu cikin dare da yini yana cika ya hau gaɓa, sau biyu kuma yana janyewa. Wata ne ke jan sa. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da wata ya cika, wato wajen daren goma sha huɗu, ruwan yakan yi babbar janyewa. A wasu wurare na gabashin Unguja yakan ja baya kilomita guda ko fiye, ya bar fili mai farin yashi da ruwa kaɗan. A waɗannan kwanaki ne mata ke shiga da ƙafa su yi aiki. Saboda haka manomin teku da lissafin wata yake aiki.

Ana kafa turaku biyu na itace cikin yashi, a ɗaura igiyar roba tsakaninsu. A jikin igiyar ake ɗaure iri da ƙananan zaruruwa, tazarar taki guda na hannu, wato kimanin santimita 20. Igiyoyi da yawa a jere su ne gona. Bayan mako shida sai girbi. A cire wani kashi a mai da shi iri, sauran a kai tudu a shanya kwana biyu zuwa uku, ko fiye in babu rana sosai.

A nan akwai babban bambanci da gonar tudu. In ƙasa ta gaji, muna iya kai mata taki. In garka ta bushe, muna iya yi mata ban ruwa. Manomin teku ba shi da wannan dama. Ba ya iya ƙara wa teku gishiri, ba ya iya rage masa zafi, ba ya iya hana shi motsi. Abin da wurin ya bayar, shi ke nan. Don haka wanda ya yi kuskuren wuri ya yi asarar iri da igiya da ƙarfinsa, ko da ya fi kowa himma.

Abubuwa bakwai da ake dubawa

Na ɗaya, zurfin ruwa. Ana zuwa duba wuri ranar babbar janyewa, lokacin da ruwa ya kai iyakar ja da baya. Dole ne a tarar da sauran ruwa kamar zuwa gwiwa, wato santimita 30 zuwa 60. In wurin yana bushewa sarai, rana za ta ƙone ciyawar cikin awoyi kaɗan. In kuma ruwan ya wuce ƙugu, mai aiki da ƙafa ba zai iya ɗauri da girbi ba. Wanda ya je dubawa ranar da ruwa bai janye sosai ba, wurin zai ruɗe shi.

Na biyu, motsin ruwa. Tun da ciyawar daga ruwa take ci, tana bukatar sabon ruwa yana wucewa ta kanta kullum. Ruwan da ke kwance ba ya kawo abinci, yana saurin ɗaukar zafi, kuma datti yana kwanta wa ciyawar. Ruwa mai ƙarfi ainun shi ma ɓarna ne: yana karya rassa, yana tumɓuke turaku. Abin nema shi ne matsakaici. A gabashin Unguja akwai dogon jerin duwatsun murjani can cikin teku, wanda ke tare manyan raƙuman ruwa kamar katanga. Tsakanin wannan katanga da gaɓa ne gonaki suke. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce a lura da tsire-tsiren ƙarƙashin ruwa: in suna rangaji a hankali, motsin ya yi daidai. In sun tsaya cik, ya yi kaɗan. In sun kwanta ƙasa, ya yi yawa.

Na uku, gishiri. Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ciyawar tana son giram 30 zuwa 35. Ruwan daɗi, wanda shi ne ran gero da dawa, ita cuta ne gare ta. Don haka ana nisantar bakin kogi, da bakin ƙorama, da wurin da idon ruwa ke ɓuɓɓugowa. Ƙoramar da ta bushe da rani tana iya cika da damina. A Zanzibar manyan ruwan sama suna sauka daga watan Maris zuwa Mayu. Sai a tambayi tsofaffin wurin inda ruwan tudu ke bi ya shiga teku a wannan lokaci.

Na huɗu, ƙasan ruwa. Yashi mai tauri, gauraye da ɓaraguzan murjani, shi ya fi. Yana riƙe turke da kyau, kuma alama ce ta cewa ruwa yana wucewa. Laka alama ce ta kwantaccen ruwa. In an taka ta sai ta tashi ta turɓune ruwa, ta rufe ciyawar, ta hana ta samun haske. Ba a kafa gona bisa murjani mai rai, domin gidan kifi ne, kuma doka tana kare shi. Haka nan a guji tattake filayen ciyayi masu saiwa da ke ƙarƙashin ruwa, domin nan ƙananan kifaye ke girma.

Na biyar, zafi. Ciyawar tana jin daɗi in zafin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 30. Ana auna shi da ma'aunin zafi, ɗan'uwan wanda ake sa wa marar lafiya a likita. A auna da tsakar rana, lokacin da ruwa ya janye, a cikin watannin da suka fi zafi. A can watannin zafi su ne Disamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Agusta ruwa ya fi sanyi, ciyawa kuma ta fi girma.

Na shida, maɓarnata. Kamar yadda fara da tsuntsaye ke damun gero, haka wani kifi da mutanen can ke kira tasi yake cin ciyawar teku. Akwai kuma wata halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, tana ci, tana kuma soke ƙafar mai aiki. Wurin da suka yi yawa a bar shi. A nisanci kuma inda ƙazantar gari ko man jiragen ruwa ke malala, domin ciyawar abinci ake yi da ita.

Na bakwai, nisa da wurin shanya. Ɗanyar ciyawa tana da nauyi ƙwarai, domin yawancinta ruwa ne. Mata suna ɗauko ta a ka, ko su jawo buhuna cikin ruwa. Ciwon baya, da ciwon ido saboda ƙyallin rana bisa ruwa, da ƙunar fata, suna cikin abubuwan da manoman can ke kuka da su. Gona mai nisa tana ƙara wannan wahala, kuma ruwa yana iya dawowa ya rutsa da wanda ya yi nisa. A tudu ana bukatar fili mai rana da tsabta. Shanya bisa rumfa ko tabarmar ganyen kwakwa ta fi shanya a ƙasa, domin yashi yana karya farashi.

Darasin da zafi ya koyar

Wurin da ya yi kyau jiya yana iya lalacewa gobe. Wannan ya faru a Zanzibar. Da farko kotoni, iri mai tsada, yana girma sosai a ruwa marar zurfi. Daga farkon shekarun 2000 sai ya soma mutuwa a ƙauyuka da yawa. Rassansa su yi fari fat kamar ƙanƙara, su yi laushi, su karye, ruwa ya tafi da su. Ana kiran wannan cuta ais-ais. Tana kama ciyawar da zafi ko ƙarancin gishiri ya raunana.

Masu bincike sun auna ruwan gonakin a lokacin zafi, sun tarar yana kaiwa digiri 38. Mu tuna, zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ke nan ruwan ya fi jikinmu zafi. Manoma da yawa suka koma ga sipinosum mai araha. Wasu suka bar noman gaba ɗaya.

Wata masaniya ƴar ƙasar, Dakta Flower Msuya, tare da abokan aikinta, ta gwada kai gonaki cikin ruwa mai zurfin mita 2 zuwa 6, inda ya fi sanyi. A can ba a kafa turaku. Ana ɗaura igiyoyi ko dogayen ragogi ga abubuwa masu yawo bisa ruwa, a riƙe su da nauyi a ƙasa. Kotoni ya fi rayuwa a can. Amma sabon wuri ya zo da sababbin bukatu. Sai da jirgin ruwa, sai da ƙarin kuɗi, sai kuma an iya iyo, alhali mata da yawa ba su taɓa koyo ba. Wasu sun shiga koyon iyo da girmansu. Ban da haka, ruwa mai zurfi hanyar masunta ce, don haka maganar izini ta ƙara nauyi.

A gwada kafin a zuba dukiya

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko da wuri ya cika sharuɗɗan nan bakwai, ba a soma da babbar gona. Ana kafa igiya biyu ko uku a wurare dabam-dabam. A auna nauyin iri ranar ɗauri, a rubuta. A riƙa zuwa dubawa, a rubuta launi, da alamar cizon kifi, da zafin ruwa. Bayan mako shida a sake aunawa. In irin ya ninka kamar sau biyar, wurin yana da kyau. In bai wuce ninki biyu ba, ko ya yi fari, a nemi wani wuri.

Gwaji ɗaya bai isa ba. A yi shi lokacin sanyi, a yi lokacin zafi, a yi da damina, a yi lokacin manyan iskoki. Littafi da alƙalami suna cikin kayan aikin wannan gona, daidai da igiya da turke.

Teku ba shi da shinge

Yanzu mu zo ga tambaya ta biyu. Gonar tudu tana da iyaka: gamba, ko itace, ko shingen ƙaya. A teku babu wannan. In ruwa ya cika, gonar ta nutse, jirgi yana iya bi ta kanta. Kuma ba wanda ya gaji teku daga kakansa. Dukiyar jama'a ce, hukuma ke riƙe da ita. Abin da manomi ke samu shi ne izinin amfani da wani yanki.

Ƙananan manoman Zanzibar da yawa bisa al'ada suka sami wurarensu. Wadda ta riga kafa turaku, ƙauye ya san wurin nata ne, ba tare da takarda ba. Wannan ya wadatar muddin kowa ya san kowa. Daga baya baƙi masu yawon buɗe ido suka yawaita. Aka gina manyan masaukai a bakin teku, filayen shanya suka ragu, hanyoyin zuwa gaɓa suka ƙuntata. A Paje masu wasan zamiya bisa ruwa suka cika wurin da gonaki suke. A irin wannan hali, mai magana da baki kawai ba ta da ƙarfi gaban mai takarda. Yardar maƙwabta da takardar hukuma su ne shingen gonar teku.

Matakan neman izini

Mataki na farko, waɗanda suka riga ka. Kafin a je ofis, a zauna da masu amfani da wurin. Akwai masunta, da hanyar da jiragensu ke bi da wurin da suke ɗaure su. Akwai mata masu tsintar kifin ɓawo. Akwai masu binne ɓawon kwakwa cikin yashi don su yi igiya da shi. Akwai manoman da ke kusa. A bar wa jirage hanya, a bar rata tsakanin gona da gona. Gonar da aka kafa kan hanyar jirgi, igiyoyinta ba sa daɗewa.

Mataki na biyu, hukumar ƙauye. A Zanzibar kowace ƙaramar gunduma tana da shugaba da ake kira sheha, wanda gwamnati ke naɗawa. Wurinsa ake fara kai magana, tare da kwamitin ƙauye mai kula da kamun kifi. A ɓangaren Tanzaniya na tudu akwai majalisar ƙauye da kwamitocin kula da bakin ruwa. A nemi su zo su ga wurin da idonsu, a rubuta abin da aka amince a kai.

Mataki na uku, ma'aikatar kamun kifi. Noman ciyawar teku a ƙarƙashinta yake. Tanzaniya ta yi dokar kamun kifi a shekara ta 2003, Zanzibar ta yi tata a 2010. A shekara ta 2020 Zanzibar ta kafa ma'aikata ta musamman don arzikin teku da kamun kifi. Jami'in gunduma shi ne zai faɗi takardun da ake bukata gwargwadon girman gona. Manoman da suka haɗu cikin ƙungiya mai rajista sun fi samun a saurare su, kuma sun fi samun horo da kayan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na huɗu, hukumar kare muhalli. Ƴar ƙaramar gona da babbar gonar kamfani ba ɗaya ba ne. Babban aiki sai an binciki abin da zai jawo wa kifi da murjani da mutanen wurin kafin a yarda da shi. A Zanzibar hukumar da dokar muhalli ta 2015 ta kafa, mai suna ZEMA, ita aka ɗora wa wannan. Akwai kuma yankunan teku da aka keɓe don kariya, kamar na Menai a kudu maso yammacin Unguja, wanda aka keɓe a 1997. Cikin irin wannan yanki sai an bi ƙa'idodin masu kula da shi.

Mataki na biyar, abubuwa uku da ake yawan mantawa. Na farko turaku: itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri a bakin teku suna yin turke mai ƙarfi, amma su ke tare zaizayar gaɓa, don haka ba a sare su sai da izinin ma'aikatar gandun daji. Na biyu iri: ba a shigo da shi daga wata ƙasa sai da izinin hukuma, domin yana iya zuwa da cuta. Na uku filin shanya: a tudu yake, yana da mai shi, sai an nemi yardarsa, kuma a rubuta.

Mataki na shida, mai saye. Ciyawar teku ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a ci in kasuwa ta ƙi. Yawancinta waje ake fitarwa, kuma masu saye kaɗan ne. A shekarun farko kamfanoni suna bai wa manoma igiya da iri, da sharaɗin su kaɗai za a sayar wa, a farashin da suka yanka. Wanda zai sa hannu a irin wannan yarjejeniya, ya karanta ta tukuna, ko a karanta masa gaban shaidu. Wuri mai kyau wanda mai saye ba ya zuwa, bai cika wuri mai kyau ba.

Abin da takardar nema ke ƙunsa

Kyakkyawar takardar neman izini gajera ce, a fili take. Tana faɗin:

1. Sunan ƙungiya, da yawan membobinta, da sunayen shugabanninta.
2. Sunan wurin, da iyakokinsa gabas da yamma, kudu da arewa, tare da ɗan zane.
3. Tsawo da faɗin gonar, da mita.
4. Irin da za a shuka, da inda za a samo shi.
5. Hanyar noma: turaku a ruwa marar zurfi, ko igiyoyi masu yawo a ruwa mai zurfi.
6. Wurin shanya da wurin ajiya.
7. Shaidar yardar ƙauye.
8. Kwanan wata da sa hannu.

A yi ta kofi biyu, ɗaya ta zauna hannun ƙungiya. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. A duba ko izinin yana da wa'adi, a sabunta shi kafin ya ƙare.

Mu yi lissafi

Igiya mai tsawon mita 10, ana ɗaure iri kowane santimita 20. Za ta ɗauki iri 50. Kowane iri giram 100 ne, ke nan kilo 5. In ya ninka sau biyar, girbi kilo 25 ne. A cire kilo 5 na iri, saura kilo 20. Kilo 7 zuwa 10 na ɗanya ke ba da kilo 1 na busasshiya. Ashe igiya guda tana ba da abin sayarwa kilo 2 zuwa 3 kawai. Mai igiya 100 za ta ɗauko ɗanyar ciyawa kilo 2000 zuwa tudu a kowane girbi. Yanzu mun gane dalilin da ya sa nisan gona yake cikin abubuwan dubawa.

Abin da ya shafe mu

Ba za mu noma ciyawar teku a Maraɗi ko Tawa ba. Amma muna da wuraren da jama'a ke tarayya a kansu: tabki, da fadama, da bakin gulbi, da burtali. Mai son yin garka a bakin tabki, ko ƙungiyar da ke son zuba kifi a ciki, su ma akwai waɗanda suka riga su: makiyaya masu shayar da dabbobi, da masunta, da masu yin tubali. A ƙasarmu dokar karkara ta shekara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ke ba da takardar shaida ta saye, ko aro, ko kyauta, ko gado. Tsarin aikin iri ɗaya ne da na matan Zanzibar: a duba wuri a lokacin da ya fi tsanani, a tambayi waɗanda suka san shi, a gwada kaɗan, a rubuta yarjejeniya, sa'an nan a zuba dukiya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin karatu

1. Don me manomin teku ya fi manomin tudu bukatar kula da zaɓen wuri?
2. A wace rana ya kamata a je duba zurfin ruwa, kuma don me?
3. Me ya sa ake nisantar bakin kogi?
4. Me ya sami irin kotoni daga shekarun 2000, kuma wace dabara aka gwada?
5. Su wa ake fara zama da su kafin a je ofis?
6. Igiya 40 masu tsawon mita 10 za su ɗauki iri nawa?
7. A garinmu, wane wuri ne jama'a ke tarayya a kansa? Wa ke ba da izinin amfani da shi? Akwai takarda?

Kowa ya rubuta amsoshinsa cikin littafinsa, a karanta su tare a aji.